Bashin Da 'Yan Mazan Jiya Ke Bin Mu

Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai an ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tantabaru, a harba bindigogi sama, manya su gaisa kowa ya kama gabansa. An zaɓi ranar ce saboda a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ba ni da ja da wannan taro, waɗanda suka kwanta dama sun cancanci fiye da haka. Damuwata masu rai ce. Mamaci addu'a yake buƙata, amma tsohon sojan da ke raye yana buƙatar magani da kuɗin haya da wanda zai zauna ya saurare shi, kuma a nan ne muka gaza.

Da yawanmu ba mu ma san abin da mutanen nan suka yi ba. Mutumin Kaduna kullum yana wuce barikin Kalapanzin da na Dalet, na Zariya ya san Chindit, a Legas ga Dodan ga Myohaung. Duk sunayen nan daga yaƙin Bama aka samo su. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawa suka ɗebi samari daga ƙauyukanmu, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazukan Bama a runduna ta 81 da ta 82, suka gwabza da sojojin Japan har 1945. Inda mota ba ta shiga, a ka suke ɗaukar harsasai da abinci, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga sauro, ga matsattsaku. Da Hausa ake yawan magana a rundunar, har wasu hafsoshin Turawa sukan koye ta. Da suka dawo, akasarinsu gona suka koma, suka tsufa suka rasu ba wanda ya rubuta labarinsu.

Na bayansu suka je Kongo a 1960, suka yi yaƙin basasa, suka je Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, sannan Saliyo. Tun 2009 kuma ga Boko Haram. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya taka rawa wajen ƙwato Baga, a Malam Fatori aka kashe shi a Nuwamban 2016. Shi an san sunansa. Kurtu da kofur nawa suka faɗi a Metele da Sambisa waɗanda iyayensu kaɗai ke tuna su?

Na san akwai masu ciwon soja a zuciya, kuma suna da gaskiyarsu. Mutanen Tudun Biri da sojoji suka jefa wa bam suna taron Mauludi a Disamban 2023 ba wanda zai ce su yi shiru. A bi musu haƙƙinsu, a hukunta mai laifi. Sai dai laifin wani bai goge jinin da wani ya zubar dominmu ba.

Ku dubi masu gadin gidaje da ma'aikatu a garuruwanmu, da yawansu tsofaffin sojoji ne. Za ka ga dattijo da furfura, kakinsa ya koɗe amma a goge, takalmi yana ƙyalli, ya miƙe tsam ya sara wa yaron da bai kai ɗan cikinsa ba. Yaron ko gilashin mota ba zai sauke ba. A ƙarƙashin bencinsa akwai leda da ya naɗe takardar sallama da hotuna, domin kullum cikin jiran ranar tantancewa yake. Wallahi abin yana sosa mini rai. Mun ga tsofaffin nan sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu, mutanen da a da ko kallon banza ba a isa a yi musu ba. Ga kuma matar da aka kashe mijinta a fagen daga, kafin hawayenta ya bushe an fara maganar ta tashi daga ɗakin bariki, 'ya'ya a hannu, kuɗin mamaci bai fito ba.

Gwamnati ta biya fansho da giratuti a kan kari, ba alfarma ba ce. Mu kuma in akwai tsohon soja a unguwa, a je a gaishe shi: "Baba, sannu da ƙoƙari, mun gode." A tambaye shi inda ya yi aiki, a ɗauki maganarsa a waya kafin ta bi shi kabari. Mai hali ya ɗauki kuɗin makarantar maraya ɗaya daga 'ya'yan waɗanda ba su dawo ba.

Iyayenmu 'yan mazan jiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu, waɗanda ke daji yanzu Allah ya dawo da su ga iyalansu lafiya.