Littafin Zane Ba Na Yara Kaɗai Ba Ne

Yana damuna yadda mutane da yawa suke ɗauka cewa duk littafin da aka ba da labarinsa da zane na yara ne, don haka ba zai iya ɗaukar tarihi mai nauyi irin gwagwarmayar baƙar fata a Amurka ba. Ba a rasa dalilin wannan zato, domin yawancinmu a littattafan firamare da shafin barkwanci na jarida muka saba ganin zane.

Sai dai zane hanya ce ta isar da labari kamar rubutu, kuma nauyin littafi yana ga abin da ke cikinsa. John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin wannan gwagwarmaya, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar Edmund Pettus da ke garin Selma a jihar Alabama ranar 7 ga Maris, 1965, da kansa ya zaɓi ba da tarihinsa ta wannan hanya, a littafin March mai juzu'i uku, wanda ya fito tsakanin 2013 da 2016. A cikinsa mai karatu yana ganin kulake a ɗage, hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe gadar, masu neman 'yancin jefa ƙuri'a suna faɗuwa ba tare da sun rama ba.