Aljanin da ke Tallar Maganin Basir

Lasifikan kwamfutata biyu ne, ƴan ƙanana, kuma tun shigowar hunturu suka sake hali. Ka murɗa maɓallin ƙara murya, sai su kama ƙara kamar ana suyar ƙosai. Na dama kuwa ba ya magana sai an riƙe masa waya a karkace, don haka duk ranar ƙwallo autana ne ke wannan aikin, ladansa biskit.

Babu abin da ban gwada ba. Na tabbatar filogin yana ramin kore, don mai ruwan hoda na makirfo ne. Na sauke manhajar sauti na sake ɗorawa, datata ta tafi a banza. Na yi musu gyaran da muka gada, wato mari biyu kyawawa. Shiru.

Ana nan, wani dare aka kawo wuta wajen ƙarfe biyu. Kwamfuta a kashe take, amma daga falo muka ji muryar namiji ƙasa-ƙasa. Uwargida ta ƙanƙame ni.

"Maigida, tashi! Wallahi akwai mutum a falo!"

Na ce ta fara yin gaba tunda ta fi ni haddar addu'o'i. Kafin hantsi labari ya kai wa Hajiya, ta iso da garwashi da habbatus sauda, ta turare falon har ba ma ganin juna. Da dare muryar ta dawo. Na yi ta maza na kara kunne, sai na ji aljanin yana bayanin maganin basir, har da kwatancen shago.

Washegari na sa su a buhu sai Beirut Road. Mai gyaran ya saurare ni, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yallaɓai, aljaninka ma'aikacin gidan rediyo ne."

Ya ce doguwar waya mai araha, wadda ba ta da ragar kariya a ciki, eriya take zama. Ta kamo tashar da ke da ƙarfi a kusa, na'urar ƙara sautin da ke cikin lasifikar ta ɗaga ta, matuƙar tana jone da wuta. Ƙarar maɓalli kuma ƙura ce ta shige shi, ya fesa masa wani ruwa ya murɗa sau da yawa. Wayar dama ta tsinke ne a wuyan filogi. Ya sauya ta da mai kauri, ya liƙe da dalma.

Da na tambayi kuɗi, ya ce, "Na gyara daban, na ruƙiyya daban." Muka daidaita a na gyara kawai.

Na kira Hajiya na yi mata bayanin eriya tiryan-tiryan. Ta ce, "To madalla. Ai dama hayaƙin sai ya kwana biyu yake kama su." Ta kuma ce in ba ta kwatancen shagon, akwai maƙwabciyarta da ke fama.