Ba Dole Ne a Fara da Tono Abin da Ya Faru Ba

Mutane da dama suna ɗauka cewa wanda ya je wurin ƙwararren mai ba da shawara kan damuwa, dole ne tun zaman farko ya zayyana mummunan abin da ya same shi dalla-dalla. Ba haka abin yake ba. A tsarin da Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam, ya assasa a Amurka cikin shekarun 1940, mai neman taimakon ne ke jan ragamar hirar, kuma tilasta wa wanda ya firgita tunawa yakan fama masa miki ne kawai. Shi ya sa idan muryarsa ta fara rawa, ko numfashinsa ya sarƙe, ƙwararren yakan dakata har ya natsu, sannan ya bar masa zaɓin ci gaba ko tsayawa.