Na Je Kwasar Adashe, Na Dawo da Bashi

Shekara biyar ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma duk watan Maris gwamnatin Amurka takan mayar mini da rarar harajin da aka yanka a albashina. Adashe nake kiran kuɗin. Ban taɓa tambayar yadda ake lissafinsu ba, su dai shigo.

Da na yi aure a ƙarshen 2023, ranar da na koma aiki na nemi takardar W-4, wadda ke gaya wa wurin aiki nawa zai riƙa cirewa. Na tsallake gurbin gwauraye ina yatsina fuska, kamar ba jiya na fito daga cikinsu ba, na dangwala alama a na ma'aurata masu haɗa haraji. Sai albashi ya ɗan yi ƙiba. Na ce wa uwargida, "Kin ga albarkar aure ko?" Da ta samu aikin kula da tsofaffi, ni na cika mata tata takardar, iri ɗaya sak. Ai gidan akwai masani.

Tun kafin kuɗi su zo na rabe su: rufin ɗakin Hajiya a Kano, ragon layya, wayar ƙanina. Har kafinta ya je ya auna.

A Fabrairun 2025 muka kwashi takardun W-2, masu nuna albashin shekara da harajin da aka cire, zuwa wurin wani mai lissafin haraji, Bahaushen Kumasi. Ya danna kwamfuta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dannawa.

"Maigida, bana kai ne za ka ba su. Dala 3,600."

Na ce ya duba da kyau, muna da aure fa. Ya ce auren ne ma. A 2024, dala 29,200 na farko na kuɗin ma'aurata ba a taɓa su da haraji, na gwauro kuwa 14,600. Wurin aikina ya ɗauka ni kaɗai ke nema, ya ba ni rangwamen dukansa. Nata ma haka ya yi mata. Rangwame ɗaya muka ci sau biyu, shekara cur muna godiya.

Ya nuna mini wani ɗan akwati a mataki na biyu na takardar, wanda mata da miji masu aiki duka ke yi wa alama. "Ba ka gan shi ba?"

Na gan shi. Da na ga "biyu" kusa da maganar aure, na ɗauka na masu mata biyu ne, na wuce abina.

A jirgin ƙasa uwargida ba ta ce uffan ba, sai da muka kusa sauka ta matso kusa da kunnena: "Maigida, ka ga albarkar aure ko?"

Ina lissafin kwanakin da suka rage kafin 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta biyan haraji, sai waya ta yi ƙara. Hajiya ce. Wai kwanon rufin, ja za a sayo ko shuɗi?