Ku Daina Cewa "Kan Mace Ne"

Samari, a makon nan ma an sake. An ce yarinya ta zana akwati yadda ake ganinsa daga sama, ta kasa, aji ya kwashe da dariya, wani ya ce "kan mace ne, ku ƙyale ta." Wallahi kalmar nan tana ƙona rai.

Gaskiya ne, a gwajin juya siffa a cikin kai da masu bincike Vandenberg da Kuse suka tsara a 1978, matsakaicin makin maza ya fi na mata. Amma matsakaici ake magana, akwai mata da yawa da suka wuce maza da yawa. Kuma da koyo ake samun abin. A Jami'ar Toronto a 2007, awa 10 kacal na wasan bidiyo ya rage tazarar sosai. Malamar jami'a Sheryl Sorby ta fara koyar da wannan fasaha ga ɗaliban injiniya a jami'ar Michigan Tech ta Amurka tun 1993, mata suka ƙaru cikin masu kammalawa.

Kai da ke dariya, ka taso kana ƙera motar kara, kana ƙwallo da dara, ita tana talla da wanke-wanke. Yau kuma ka ce kan mace ne?  Mai kitso tana ganin shuku kafin ta tsaga gashi. Tela mace tana yanka hannun riga na dama da na hagu ba ta rikita su. Ladi Kwali da ke jikin naira 20, da kan wa ta gina tukwanenta?

Ku ba ƙanwarku kwalin ashana ta zana shi ta gaba, ta sama, ta gefe, sannan ta warware shi ta ga fuskoki 6 a shimfiɗe. Minti 15 kullum. Inda ake yawan faɗuwa a gwajin juya siffa shi ne ɗaukar siffa yadda take fitowa a madubi a matsayin wadda aka juya, kuma gaggawa ke jawo shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bakin nan dai shi ke yi wa dattijo ba'a idan ya ɓata hanya. Tsufa yana rage saurin juya siffa, amma ku da ba ku iya zuwa unguwar maƙwabta sai waya ta nuna muku? A da, yaya kan zaunar da ƙanwarsa ya zana mata hanyar gidan kaka a ƙasa da tsinke, har sai ta gane kowace kwana.