Matasan Damagaram, ku buɗe akwatin nan ku koyi abin da ke cikinsa

Assalamu alaikum ƴan uwana matasa, musamman ku ƙannena da kuka fara taɓa aikin kuran, wato wutar lantarki, da ku da kuke zaune a fada ana dafa shayi ana jiran sakamakon konkur. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon maganar, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Duk inda aka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, aka kafa shato, tankin ruwa na sama, ko gidan ruwan leda, ko gidan ƙanƙara, ko injin niƙa babba mai tirifaze, wato mai aiki da layin wuta uku, ko gidan burodi na zamani, in kun duba bango za ku ga wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka a kulle, da ƴan fitilu kore da ja a ƙofarsa. Armuwar kenan. Shi ke tada moter, shi ke tsayar da ita, shi ke yanke wuta in layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke, shi ke hana famfo juyawa in ruwa ya ja baya a cikin rijiya. Kuma wallahi a garin nan masu iya hawa rufi su ɗaura fano, wato farantin sola, sun yi yawa, amma wanda za a buɗe ma akwatin nan ya duba ya ce ga inda cutar take, sai an yi ta cigiya. Sau nawa kuka ji mai foraj yana cewa yana jiran wani ya zo daga Kano ko Maraɗi ko Yamai, ruwa ya tsaya kwana da kwanaki, mata da yara suna yawo da jarka a kura, alhali abin da ya lalace bai fi tafin hannu ba?

Dalilin da ya sa na ce aikin nan ƙaruwa zai yi ba boyayye ba ne, kowa ya gani da idonsa. Ku tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar nan daga can yake zuwa, mu nan namu ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido. Tun daga nan duk mai ɗan hali ya daina dogara da hanya ɗaya. Yanzu za ka shiga kilinik ko otel ko gidan wani alhaji ka tarar da wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, ga gurup, wato janareta, a bayan gida, ga fano a kan rufi da batura a ɗaki. To hanya uku ba sa haɗuwa da kansu, dole sai da akwatin da zai zaɓi wacce za ta shiga ya kulle sauran. Ga shi kuma farashin fano ya faɗi warwas a duniya, tsakanin 2010 da 2020 ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100, shi ya sa yau mai garka a Mirya ko Gidimuni ko Matamai yake iya tunanin ya ajiye injin fetur ya sa famfon rana. Gwamnati ma can ta nufa, ga tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 da aka buɗe a 2023. Ga matatar mai ta SORAZ nan a bakin ƙofarmu kan hanyar Tanut tun 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, ga bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin kusan kilomita 2,000 da tashoshin tura mai a kan hanya. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke tafiya ba tare da armuwar ba, wasu ma ɗaki guda ne cike da su.

Kuma kar wani ya ce mana wannan ilimin na Turawa ne ko na ƴan Sin. Farfesa Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa haifaffen Tasawa ne, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na ƙasa wato ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, tun ana ganin maganar wutar rana kamar tatsuniya.

Abin da ke damuna shi ne gaggawa. Yaro ya bi patoro sati biyu ya ga yadda ake haɗa ja da baƙi, sai ya buɗe shafi a Facebook ya rubuta injiniyan sola. Ƙanena, wutar da ke fitowa daga fano ba irin ta NIGELEC ba ce. Ta NIGELEC tana kai da komo sau 50 a sakan guda, shi ya sa in dijonkter, makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, ya buɗe tartsatsin yake mutuwa da kansa. Ta fano kuwa miƙe take ba ta juyawa, in ta kama tartsatsi ba ta saki, to in ka sa mata dijonkter na gida wanda ba don ita aka yi shi ba, ranar da ya kamata ya yanke sai ya kama da wuta a cikin akwatin. Kuma fano in aka jera su da yawa a layi ɗaya don famfo babba, wutarsu tana kai bolt 600 har fiye, kuma muddin rana na sama ba ka da makunnin da za ka kashe ta daga tushe.

Sai maganar da ta fi ƙona mini rai, maganar rele termik. Kowace moter tana da ɗan faranti a jikinta da aka rubuta ampa nawa take ci, misali moter mai kilowat 5.5 a kan bolt 400 tana cin wajen ampa 11. Aikin rele termik shi ne in ta fara cin fiye da haka na ɗan lokaci ya yanke kafin wayar cikinta ta ƙone. To sai ka ga yana ta yankewa, mai gida ya kira yaro, yaro bai ɗauko pans, ma'aunin da ake maƙala wa waya, ya auna ampa ba, bai duba ko layi ɗaya ya yi rauni ba, bai tambaya ko yashi ya shiga famfo ba, sai kawai ya murɗa rele ɗin zuwa ƙarshe, ko ma ya sa guntun waya ya tsallake shi gaba ɗaya. Inji ya tashi, mai gida ya yi murna ya ba shi jika biyu har da sa albarka. Bayan sati uku moter ta ƙone a ƙasan rijiya, sai an nemo mutane an jawo tiyo mita da mita, sai an sayi sabuwa da kuɗin da ya ninka na gyaran sau ɗari, in kuma foraj ɗin na gari ne da aka yi karo-karo aka haƙa, to ka bar gari guda da ƙishirwa. Wannan ba gyara ba ne, ha'inci ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Rele ɗin nan da ke yankewa gaskiya yake faɗa maka, kamar zazzaɓi ne a jikin yaro, ba a rufe shi da bargo a ce an warke, cutar ake nema.

Haka masu haɗa gurup da wutar gida ba tare da anbarser ba, wato na'urar da ke zaɓar wuta ɗaya ta kulle ɗayar, su soka filogi a bango kawai. Ka san wutar gurup ɗinka tana iya komawa kan layi ta bi ta taransifo ta hau sama, ta sami ma'aikacin da ya hau fal yana gyara yana zaton layi a mace yake? Rai fa kenan. Kuma in kuran ya dawo ya ci karo da gurup ɗin, gurup ɗin ne zai tafi. Abin da ke hana wannan kontakter biyu ne, wato makunnan da wuta ke rufewa da buɗewa, da aka kulle su da juna, ta waya da kuma ta ƙarfe, yadda in ɗaya ya shiga ɗayan ba shi da ikon shiga ko da an danna shi. Aikin yini ɗaya ne ga wanda ya sani.

To me za a koya? Farko dai karatun shema. Wanda bai iya karanta zanen wayoyi ba, ko ya shekara goma yana aiki lalube yake. Ka san bambancin ɓangaren ƙarfi da ke kai wuta ga moter da ɓangaren umarni mai ƴan siraran wayoyi da ke bi ta madannai. Ka zauna da kontakter ɗaya da madanni biyu da fitila a kan katako, ka haɗa tashi da tsayawa har sai ka gane dalilin da ya sa yake riƙe kansa bayan ka ɗage yatsa. Daga nan juya moter gaba da baya, daga nan etuwal-tiriyangil, wato haɗin da ke tada moter a mataki biyu, kuma ka san dalilinsa, ba haddar wayoyi ba: moter in aka tada ta kai tsaye tana fizgar wuta ninki shida ko bakwai na abin da take ci, shi ya sa fitilun unguwa ke dushewa in mai niƙa ya kunna inji, etuwal-tiriyangil kuwa yana rage fizgar zuwa kashi ɗaya cikin uku. Bayan nan sai bariyater, na'urar da ke ƙara ko rage gudun moter, wanda yanzu kusan duk famfon rana babba da shi yake aiki, sai otomat, ƴar kwamfutar nan da ake rubuta wa umarni ta cika shato ta tsaya da kanta ko ta tada gurup in wuta ta ɗauke. Ƙananan irin su Zelio na Schneider da LOGO na Siemens an yi su ne don irin waɗannan ayyuka, kuma ana iya gwada shirin a kan kwamfuta tun kafin a sayi na'urar. Datar da kuke ƙonawa a TikTok ta isa ku sauke littattafan kamfanonin nan da faransanci kyauta.

Akwai kuma abin da littafin Turai ba zai koya muku sosai ba sai garin nan: zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin akwatin ƙarfe da aka kafa yana kallon rana? Bariyater zai yi ta yankewa da tsakar rana a ce aljanu ne, alhali iska yake nema. Batir mai ruwa kuwa duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana cinye kusan rabin kwanansa, amma sai ka ga an jibge batura a ɗakin kwano marar taga, shekara ɗaya a ce mai shago ya sayar da jabu. A yi wa akwati rumfa, a sa masa fanka da matata, a toshe ramukan da waya ke shiga don ƙadangare da ɓera, a riƙa hure ƙurar hunturu, a sake ɗaure sukurori don wanda ya saki shi ke zafi har ya narke. Kafin damina a duba wayar ƙasa da makarin tsawa. Mai yin wannan kaɗai, yana zagaya foraj goma ko ashirin bisa yarjejeniya da masu su, ya sami abin rufin asiri ba tare da ya tsallaka hamada zuwa Libiya ko Aljeriya ba.

Wanda yake lakol har yanzu, kar ya ɗauki makarantar sana'a a matsayin wurin waɗanda suka faɗi jarrabawa, wannan tunanin ya cuce mu ƙwarai. Akwai CET, kwalejin fasaha, da CFM, cibiyar koyon sana'a, akwai lise teknik Dan Kassawa a Maraɗi, akwai sashen lantarki a IUT, cibiyar fasaha ta jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗin, akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, a Yamai, ga asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a, ku riƙa leƙawa kuna tambaya. Wanda kuma lakol ta wuce shi, ya nemi ƙwararre ya durƙusa, ya ɗauki jaka ya share atiliye, ba faɗuwa ba ce. Mai diplom shi ma ya sani takarda ba ta ɗaure sukuru, sai ya yi istaj hannunsa ya yi baƙi.

Kuma don girman Allah ku kula da ranku. Kar ka taɓa cikin akwati don wani ya ce maka ai an kashe, kai ka kashe da hannunka, ka sa kwaɗo ko ka bar mutum a wurin, ka auna da miltimetir ka tabbatar. Bariyater yana riƙe wuta a cikinsa mintoci bayan an yanke, ka jira. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ampa ba tana iya tsayar da zuciya, shi ya sa ake sa diferansiyel mai miliampa 30 a gidaje, makunnin da ke yankewa in wuta ta zurare ta jikin mutum ko ta ƙasa, kar ka cire shi don mai gida ya ce yana damunsa.

In za ka rubuta debi, wato takardar lissafin kuɗin aiki, rubuta gaskiya. In ka sa kuɗin Schneider ko Legrand to shi za ka kawo, in kuɗin mutum na Chint ne ka gaya masa Chint za ka sa, ba laifi ba ne. Wayar nan mai arha da aka shafa wa jan ƙarfe a sama cikinta alminiyom, kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari, kar ka sa wa bawan Allah ita a inda moter za ta ja. In ka gama, sa wa kowace waya lamba, ka liƙa shema a bayan ƙofar akwatin. Na san wasu suna ƙin yin haka wai don kar a kira wani, to in ka yi tafiya ko ka kwanta ciwo gari ya zauna ba ruwa saboda kai?

Ku kuma iyayen gidanmu da kuka riga kuka ƙware, mun san kun sha wuya kafin ku samu, amma ku daina tura yaro sayen shayi daidai lokacin da za ku haɗa ɓangaren umarni. Ku bar shi ya tsaya ya gani, ku ba shi shema ya bi da yatsa, in ya yi kuskure a kan katako ku gyara masa. Kuma in ƙannenmu mata suka zo neman koyo ku karɓe su, haɗa armuwar a kan tebur ake yinsa a cikin inuwa, natsuwa da tsabtar hannu yake so, kuma akwai gidaje da yawa a Birni da Zango da maigida zai fi sakin jiki in mace ce za ta shiga cikin gida ta duba masa ondiler, wato inbata, da batura.