A kai malamin inda maras lafiya yake kwance

Shekara tara ke nan ina aikin jinya a wani asibiti da ke gefen birnin Liyon a Faransa, amma da damina ta faɗi hankalina yana Damagaram. Na san da ruwa ya zauna a watan Agusta masassarar cizon sauro za ta fara kayar da yara daga Magariya har Matamaye, gado ɗaya yara biyu, uwaye a tabarma cike da baranda.

Bara na je ganin gida. Cikin dare ɗiyar ƙanwata ta fara numfashi sama-sama, haƙarƙarinta na shiga ciki, muka ɗauke ta sai wani ƙaramin asibitin karkara. A kusurwar ɗaki na hango na'urar tace iskar oksijin lulluɓe da tsohon zane, ga kuma wutar sola tana ci. Na tambayi ma'aikaciyar da ke aikin dare me ya same ta. Ta ce, "Yaya, wanda aka koya wa sarrafa ta an canza masa wurin aiki tun kafin azumi. Mun kunna ta yi ta ƙara, muka ji tsoro muka kashe."

Ƙura ce kawai ta toshe soson da ke tace iska. Na cire shi na kaɗe, na mayar, na kunna, na sa wa yarinya siririn tiyo a hanci. Ma'aikaciyar nan ba ta ɗauke ido daga hannuna ba. Da gari ya waye ta roƙe ni in sake nuna mata, ta kira abokiyar aikinta, suka yi sau uku da hannunsu. Kwana na yi raina na ƙuna, don basira ba ta rasa ba, takardar shaida ma tana da ita. Mai tsayawa kusa da ita ne babu.

A inda nake aiki, sabon ma'aikaci ba ya riƙe ɗakin marasa lafiya shi kaɗai sai ya yi makonni yana bin wani tsohon hannu. Horon ceton gaggawa ana sabunta mana shi duk shekara 4, muna danna ƙirjin mutum-mutumin roba har gumi ya karyo. In sabuwar na'ura ta zo, ana nuna wa masu aikin rana, a dawo a nuna wa na dare. Su ma suna kukan ƙarancin ma'aikata, amma sani ba ya zama a kan mutum ɗaya.

Mu kuwa makarantu muna da su. Ga makarantar ENSP a Damagaram ta daɗe tana yaye ma'aikatan jinya da ungozomomi, ga Jami'ar André Salifou tana horar da likitoci. Bayan an fito ne abin yake karkacewa. Sai horo ya koma taron bita na mako guda a Yamai ko a cikin birni, majo, wato shugaban ƙaramin asibitin, ya tafi, ya dawo da jaka da tarin takardu. Ban ga laifinsa ba in ya yi murna da kuɗin zama, albashin nawa ne? Amma ita wadda za ta nemi jijiya a hannun yaron da tamowa ta tsotse, da ƙarfe 3 na dare, ba a gayyace ta ba.

Wani zai ce ai Faransa kuɗi gare ta. Gaskiya ne, sai dai hujjata daga gida na ɗauko ta. A Mirya ƙungiyoyin agajin lafiya na BEFEN da ALIMA suka koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja don gano tamowa, kuma uwayen suka iya, har dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. A ƙauyukansu aka je aka same su, da ƴaƴansu a goye. In haka ta yiwu da matan da da yawansu ba su taɓa shiga lakkal ba, me zai hana ta yiwu da wanda ya yi shekara uku yana karatun lafiya?

Tun 2005 aka ce tiyatar haihuwa kyauta ce a Nijar, a 2006 kuma aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Madalla. To, kuɗin bita ɗaya a otel, a zuba shi a man mota, a tura ƙwararriyar ungozoma ko likitan yara ya kwana uku a asibitin Tanut ko Gure, ya zaga gadaje tare da ma'aikata, ya ga hannunsu, ya gyara, bayan wata biyu ya sake dawowa. Kuma kafin a ɗauke wanda ya iya wani abu, a tabbatar ya koya wa mutum biyu.

Ɗiyar ƙanwata ta tashi, yanzu har tana bin awaki. Ma'aikaciyar nan kuwa har yau tana turo mini saƙon murya ta WhatsApp. Makon jiya ta tambaye ni yadda ake riƙe jakar hura numfashi ga jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Ina cikin jirgin ƙasa zan tafi aiki, na yi ta kwatanta mata da baki, abin da mutum zai nuna mata da hannu cikin minti goma.